Yadda Ake Shan Ƙwayar Kemo a Gida Ba Tare da an Cutar da Kai ko Iyali Ba

Ranar da likita ya ce wa Gwaggona an gama ƙarin ruwan kemo, wato maganin ciwon sankara da take fama da shi, sauran maganin a gida za ta riƙa sha, saura kaɗan a yi guɗa a tsakar gidanmu. Mun ɗauka ciwon ne ya yi sauƙi, shi ya sa aka koma ƙwaya. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo. Da na je karɓar maganin, matar da ke bayarwa ta riƙe ledar ba ta sakar mini ba, ta ce, "Hajiya, dakata. Wannan fa ba farasitamol ba ne. Ɗan'uwan wanda ake ɗura mata a jijiya ne. A can mu ke lissafi, mu ke sa ido. Yanzu ke ce nas ɗin."

Maganin Gwaggo shi ne wanda ake rubuta Capecitabine a jikin kwalinsa, wani kamfanin kuma ya kira shi Xeloda. Ana ba da shi a sankarar mama, ta hanji da ta ciki, kuma idan ya shiga jiki yana rikiɗewa ya koma irin maganin nan da ake kira 5-FU, wanda ake sa wa mutane ta jijiya. Da shi zan fi yin misali domin shi na riƙe da hannuna wata da watanni a nan Katsina, amma yawancin ƙa'idojin sun shafi sauran ƙwayoyin kemo. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ke duba ka, tasa za ka bi.

Kafin ka bar asibiti

Mutanenmu muna da kunyar tambayar likita. Sai ya yi bayani da sauri, mu ce "to, likita", mu fito mu fara tambayar juna me ya ce. A wannan maganin kunya ba ta da wuri. Tafi da littafi da biro, in ba ka rubutun boko ka rubuta da ajami ko ka tafi da wanda zai rubuta. Kada ka tashi sai an faɗa maka sunan maganin da ƙarfinsa, ƙwaya nawa a kowane sha, sau nawa a rana, da abinci ko ba abinci, kwana nawa za a sha, kwana nawa za a huta. Ka tambayi abin da za ka yi idan an manta sha ɗaya. Sai ka karɓi lambar wayar da za ka kira idan abu ya taso cikin dare, ka kuma maimaita wa mai ba da magani duk abin da ka ji, ya tabbatar ka ji daidai.

Ka tafi musu da duk abin da mara lafiya ke sha, a zahiri, cikin leda: na hawan jini, na suga, na olsa, har da na gargajiya. Zan dawo kan dalili.

Lissafin ƙwaya da kalanda

Ana auna yawan maganin ne da tsawon mutum da nauyinsa, shi ya sa na maƙwabcinka ba naka ba ne ko da ciwonku ɗaya. Capecitabine na zuwa iri biyu, mai miligiram 500 da mai 150, kuma sau da yawa ana haɗa su kafin a cika adadin. Wanda aka rubuta wa 1,650, alal misali, zai sha manya uku da ƙarama ɗaya. Nan ne ake samun ruɗu, musamman idan an canza kamfani, launi da girman ƙwayar suka canza. Lambar da ke jikin fakitin za ka duba, kada ka dogara da kala.

Tsarin da aka fi yi shi ne a sha safe da dare na kwana 14, a huta kwana 7, zagaye ɗaya ke nan na kwana 21. Gwaggo tana shan manya uku safe, uku dare. Uku sau biyu sau 14 ya ba da 84. Duk lokacin da muka karɓo sabon zagaye sai na ƙirga su 84 cif kafin in bar wurin, kuma duk daren Juma'a in sake ƙirga abin da ya rage in gwada da takarda. Na tsaga bayan tsohuwar kalanda, na ja layi gida 28, na manna a jikin ƙofar ɗakinta. Da ta haɗiye sai in soke gida ɗaya, ba kafin ta sha ba. Kwanakin hutun nan bakwai na shafe su da jan biro, domin hutun ma cikin maganin yake: a lokacin ne ɓargo ke sake ƙera jini, fatar baki da ta hanji su farfaɗo. Wanda ya ce bari ya zarce ba hutu don ciwon ya mutu da wuri, kansa zai kwantar.

Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe wannan aiki. A gida mai yawa, ɗiya ta ba da na safe, suruka ta zo ba ta sani ba ta ƙara, shi ke nan an ninka.

Akwai wanda ya fi kowanne haɗari ta wannan fuska, wato Methotrexate. A tsari da yawa, har da na yara masu sankarar jini, sau ɗaya ake shan sa a mako. An sha rasa rayuka a duniya saboda an ɗauka na kullum ne. Idan shi aka ba ku, ku zaɓi ranar tare da likita, a rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, kuma kada a ajiye shi leda ɗaya da na kullum.

Lokacin sha

Capecitabine ana shan sa cikin minti 30 bayan cin abinci, da cikakken kofin ruwa, a bar kusan awa 12 tsakanin na safe da na dare. Mu mun tsayar da bakwai da bakwai: koko da ƙosai da safe, tuwo bayan Magariba. Na sa ƙararrawa a waya biyu, tawa da ta autan gidan. Idan ba ta jin cin abinci, ko kunu rabin kofi da yankan burodi sai ta sa a ciki kafin ta sha.

Ba duka ke bin wannan ba. Imatinib, na wata sankarar jini, ana shan sa tare da abinci da ruwa mai yawa don kada ya dami ciki. Temozolomide an fi so a sha shi ciki ba komai. Cyclophosphamide da safe ake so, a yi ta shan ruwa ana fitsari akai-akai, domin idan ya kwana a mafitsara yana ƙona ta har a ga jini. Shi ya sa ba a aron ƙa'idar wani magani a ɗora wa wani.

A haɗiye ƙwayar yadda take. Ba a tauna ta, ba a raba ta da wuƙa, ba a daka ta a dama cikin kunu, ba a buɗe kafso a zazzage garin. Garin na tashi a shaƙa, yana taɓa fata, kuma wanda ke dakawa shi ma ya samu rabonsa. Idan mara lafiya ba ya iya haɗiya, a faɗa wa likita ya san dabarar da ta dace da wannan maganin.

In an manta sha ɗaya na Capecitabine har lokaci ya ja, a bar shi ya wuce, a sha na gaba a lokacinsa, a rubuta a takarda. Ba a ninkawa, ba a kuma ƙara kwana a ƙarshe don a rama. In an yi amai bayan sha, ko da an ga kamar ƙwayar ta fito, ba a sake sha, domin ba wanda ya san nawa jiki ya riga ya ɗauka.

Hannun mai bayarwa

Mara lafiya in yana iyawa, ya fi kyau ya ɓallo maganin da kansa, ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan. In wani ne zai ba shi, ya sa safar hannu ta roba, ko ya matso ƙwayar daga fakiti kai tsaye cikin ɗan kofin da aka ware, ba tare da ta taɓa tafinsa ba. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar wa wasu wannan hidima gaba ɗaya. A gidanmu amaryar ƙanena ta so ta nuna ladabi ta karɓi aikin, alhali tana da cikin wata uku. Sai da Gwaggo da kanta ta ce mata, "Ɗiyata, ki bar min shi, ke dai ki riƙa dama min kunun."

Inda za a ajiye shi a garin zafi

Yawancin kwalayen nan za ka ga an rubuta kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Katsina ko Daura ya san rana na haura 40, ɗakin kwano kuma da azahar tanda ne. To a nemi wurin da ya fi sanyi a gidan. Mu tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara muka samu, muka sa maganin cikin fakitinsa na asali, cikin roba mai murfi, cikin akwati mai makulli. Ban da kan taga, ban da kusa da murhu, ban da aljihun mota ko ƙarƙashin kujerar babur a hanyar dawowa daga Kano ko Zariya. Makullin saboda yara ne. Wasu ƙwayoyin launinsu kamar alewa, kuma ƙwaya ɗaya a cikin yaro ƙarami magana ce ta gudu asibiti nan take tare da kwalin, ba ta ba shi madara ko manja a jira a gani ba.

Chlorambucil da Melphalan firji suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan wuta ba ta zama a unguwarku, ku tanadi kula da ƙanƙara, a nannaɗe maganin cikin leda da tsumma yadda ba zai taɓa ƙanƙarar ba, ba zai kuma jiƙe ba. Wanda ba a ce a sa shi a firji ba, kada a sa.

Bayan gida, amai da wanki

Ragowar maganin na fita ta fitsari, bayan gida da amai, duk tsawon kwanakin sha da aƙalla kwana biyu bayan na ƙarshe. In masai na zamani ne, a rufe murfi a kora ruwa sau biyu. In shadda ce, a kwarara ruwa a bakinta bayan an gama. Namiji ya tsuguna, kada ya yi a tsaye. Fo ko robar amai a ware masa nasa. Zanin gado ko tufafin da suka ɓaci a sa safar hannu a wanke su daban, sau biyu, ruwan wankin kuma a zuba a shadda. Kada a watsa shi tsakar gida inda yara ke rarrafe, kaji ke sha.

Amma kada wannan ya zama dalilin ƙyamar mutum. Na ga gidan da aka ware wa mara lafiya kwano da cokali, aka hana jikoki shiga ɗakinta, har ta fi kukan kaɗaici a kan na ciwo. Sankara ba a ɗaukar ta. A ci abinci tare, a gaisa, ta rungumi jikokinta. Wanda za a hana shiga shi ne mai mura, mai tari, ko yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma don kare ta ne.

Ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba, su kuma guji samun ciki, domin maganin na lalata halittar jariri. Ga Capecitabine ana so mace ta jira wata shida bayan gamawa, namiji wata uku. Shayarwa kuma a dakatar da ita.

Magungunan da 'yan dubiya ke kawowa

A nan na kusa yin kuskure mafi girma. Wata 'yar'uwa ta zo dubiya, ta ga Gwaggo ta yi fari, washegari sai ga ta da kwalbar maganin ƙarin jini daga kyamis, da zuciya ɗaya. Na riga na buɗe murfin kafin wani abu ya ce mini in karanta jikin. Akwai folik asid a ciki, shi kuwa yana ƙara wa Capecitabine dafi, ya tsananta gudawa da gyambon baki. Tun daga ranar duk abin da aka kawo sai in yi godiya, in ajiye, in tafi da shi ranar ganin likita.

Irin wannan karo yana da yawa. Warfarin, maganin tsinka jini, idan ya haɗu da Capecitabine yana iya jawo zubar jini. Septrin da mutane ke saye kamar gyaɗa, da asfirin, ibuprofen da diclofenac na ciwon jiki, suna sa Methotrexate ya taru a jiki ya zama guba. Garehul da ruwansa na dagula yadda jiki ke sarrafa Imatinib da 'yan'uwansa. Saiwoyi, sassaƙe, jiƙo da tsimi kuwa, hanta da ƙoda ɗaya ce ke tace su tare da kemo, kuma ba wanda ya auna abin da ke cikinsu. Addu'a da tofi ba su da karo da kowane magani, a yi ta yi. Abin da za a haɗiya ne sai an tambaya. Ƙaho, tsaga, da cire haƙori su ma a dakata, domin jini na iya ƙin tsayawa, ciwon kuma ya ƙi warkewa.

Alamomin da ba a kwana da su

Ka sayi ma'aunin zafin jiki tun ranar farko. Kemo na rage fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙar cuta, don haka ƙaramar cuta na iya mamaye jini cikin awoyi. Idan zafi ya kai digiri 38, ko jiki na kyarma da sanyi ko da ma'aunin bai nuna ba, a tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Al'adarmu ita ce mu ce maleriya ce, a aika yaro kyamis. Tana iya zama ita, amma gwaji ne zai faɗa. Kada a ba da farasitamol kafin a auna, yana ɓoye zazzaɓin. Wanda ke Daura, Mashi ko Mai'adua kada ya ce sai gari ya waye ya kama hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ya fara zuwa asibitin da ya fi kusa, kalmar farko da zai faɗa a bakin ƙofa ita ce "yana kan kemo", ya nuna kwalin, a kira likitansa ta waya.

Mai shan Capecitabine ya dakatar da maganin ya kira likita idan gudawa ta ƙaru sau huɗu ko fiye a rana a kan yadda ya saba, ko tana tashin sa cikin dare. Idan ya yi amai fiye da sau ɗaya a yini. Idan baki ya yi gyambo har ci ya gagara. Idan tafin hannu ko na ƙafa ya yi ja, ya kumbura, yana zafi. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, baƙin bayan gida ko jinin da ya ƙi tsayawa, waɗannan asibiti ne kai tsaye. Kafin a isa, mai gudawa ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari na fakiti, ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. A ƙara sa ido a kwanakin farko na zagayen farko: akwai mutane ƙalilan da aka halicce su jikinsu ba ya iya narkar da wannan maganin, su kan alamomin sukan zo musu da wuri kuma da ƙarfi.

Tsofaffinmu na ɓoye ciwo don kada a ce sun cika raki, ko don tsoron a tsayar musu da magani. Gwaggo sai da na ga tana taka ƙasa kamar mai tafiya kan garwashi zuwa alwala sannan na duba tafin ƙafarta, ya yi jawur, fata na saɓulewa. Likita ya tsayar da maganin na 'yan kwanaki, ya rage yawansa, aka ci gaba lafiya. Rage magani ba faɗuwa ba ce, cikin tsarin yake. Daga nan kullum dare sai na shafa mata man kaɗe hannu da ƙafa, muka raba ta da wanki, daka, ruwan zafi da tafiya ba takalmi a kan siminti mai zafi. Lalle ma muka ajiye, saboda yana rufe jan da ake son gani. Wani abin mamaki, maganin kan goge zanen yatsa ga wasu, har na'urar banki ta ƙi gane su, don haka mai shirin Umara ko wata hidimar dangwala yatsa ya nemi takarda daga likita.

Baki kuma a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane cin abinci, a yi amfani da buroshi mai laushi. Asuwaki mai tauri da tsinken sakace na fasa dasashi. Abinci ya zama dafaffe mai zafi, nono a tabbatar an tafasa madarar, ɗanyen ganye da kayan bakin titi da suka sha ƙura a haƙura da su na wani lokaci.

Azumi da kuɗi

Yinin azumi a nan yakan kai awa 13 zuwa 14, ga ƙishirwa, maganin kuma na son ruwa da tazarar awa 12. Kada mutum ya matse shan biyu tsakanin buɗa-baki da sahur da ra'ayin kansa. A tambayi likita tun Sha'aban. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma malamin unguwa ne ya fi mu iya shawo kan Gwaggo a kan wannan.

Maganin yana da tsada, kuma na san gidajen da ke mayar da uku biyu don ya kai ƙarshen wata. Hakan na ba ciwon damar miƙewa, likita kuma ya ɗauka maganin ne bai yi aiki ba. Gara a faɗa masa gaskiya, a kuma leƙa ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin a tambayi tallafi. Gwamnatin tarayya ta fara asusun taimakon masu sankarar mama, bakin mahaifa da furostet (wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar maza) a 2021, kuma asibitin koyarwa na ABU da ke Shika na cikin na farkon da aka fara da su. Wajen saye, a tsaya ga kantin maganin asibiti ko babban kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ƙi wanda aka zazzago daga fakiti aka ƙulla a leda.

Kafin sabon zagaye

A ƙarshen makon hutu akwai gwajin jini, na ƙoda da na hanta. Ko da maganin zagaye na gaba na cikin akwati, ba a fara shi sai likita ya ga sakamakon ya ce a fara. A tafi da takardar da aka yi ta sokewa, da rubutun ranakun gudawa, amai ko zazzaɓi, a kuma hau sikeli, domin idan nauyi ya ragu sosai za a sake lissafin ƙwayar. Fakitin da ya ƙare a ƙulle shi cikin leda kafin a zubar, kada yara su tsinta a bola. Ƙwayar da ta rage kuma ba a jefa ta a shadda, ba a ƙona ta, ba a ba wata mai irin ciwon sadaka. Namu guda goma sha ɗaya suka rage bayan an rage wa Gwaggo adadi, na mayar da su wurin matar nan da ta riƙe mini leda ranar farko, ta ƙirga a gabana ta rubuta a littafinta.